Cittar Kowa Ta Yi Kyau

Kagoro, 9 ga Satumba, 2025

Baban Yemima,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya teku, yaya ciwon bayan nan naka? Mu nan lafiya lau. Gwiwar Mama ta tashi da sanyin damina, amma ranar Lahadi sai ta ɗauki sandarta ta riga kowa zuwa sujada. Yemima ta zubar da haƙoran gaba, yanzu idan za ta yi dariya sai ta rufe baki da hannu, wai ita budurwa.

Hammawa direba zai sauka Legas jibi, shi zai kai wannan takarda ofishinku a sa ta a ƙaramin jirgin da ke kai muku abinci. Kai, wannan aikin naka da ba waya ba komai ya mai da ni 'yar firamare, kullum ina neman biro.

Meshak, da ma ka ga gonaki bana! Tun shekarar da cuta ta ruɓar da cittar ƙasar nan, har ka rufe gareji ka bi jirgin kamun kifi, ban ƙara ganin kore irin wannan ba. Ka tuna dariyar da ka yi mini lokacin da ƙuri'ar tallafin gwamnati na bincike ta faɗo kan kamfanina? Ka ce ɗaki ɗaya da rumfa shi ne kamfani? Shekara guda na yi ina tsoma irin citta a ruwan zafi ina kashewa, Mama tana ce wa mutane gwamnati ta biya surukarta ta riƙa dafa shayi. To yanzu na gano daidai zafin da ke kashe cutar ya bar idon iri da rai. Daga nan sai a yanka ƙanana, a binne a ƙonannen ƙaiƙayin shinkafa a inuwa har ya tsiro. Duk wanda ya shuka wannan iri, ko ganye ɗaya bai yi masa rawaya ba.

Har ƙanwarka Damaris, wadda ƙuri'ar ba ta faɗa kan nata kamfanin ba, gonarta ta so ta fi tawa. Ranar gayyarmu ta tsaya bakin tukunya ta ga yadda nake yi, na ara mata ma'aunin zafi, na ɗebo mata tsiro. Cittar kowa ta yi kyau, mun gode wa Allah.

Ga maganar da ta sa na ɗauki biro. Masu duba aikin za su zo lokacin tono. Idan suka ga tallafin ya yi amfani, akwai zagaye na biyu, kuma a cikinsa akwai injin busar da citta da albashin makanike. Ni kuwa makanike ɗaya na sani a duniya. Kada ka sake sa hannu a kwantiragin nan, ka ji? Ina kewarka, ba zan ɓoye ba. Idan na gama abinci har yanzu hannuna yakan ɗauko kwanonka kafin in tuna.

Taka,
Afiniki


A cikin jirgi, 12 ga Oktoba, 2025

Maman Yemima, Madam mai kamfani,

Salamar Ubangiji ta tabbata gare ku. Takardarki ta same ni lafiya. Baya ya yi sauƙi, sai dai kunnena ɗaya da ƙarar inji ta fara toshewa. Ki gaida Mama, ki ce mata na ce ta riƙa hawa acaɓa zuwa coci, Allah ba zai rage mata lada ba. Yemima kuwa, ki ce ta bar rufe baki, babanta ma giɓi gare shi.

Na janye dariyata, na janye gaba ɗaya. Na karanta wa abokan aikina inda kika ce ko ganye ɗaya bai yi rawaya ba, wani Bayarabe da muke ɗakin inji tare ya ce, “Oga, to me kake yi a nan?”

Afiniki, ba ki san abin da ruwan nan yake yi wa mutumin da ya tashi gindin dutse ba. Ko'ina ka juya babu abin da ido zai jingina da shi. Idan na fito daga ɗakin inji nakan duba gabas, inda ya kamata dutsenmu ya tsaya, sai in ga hadari kawai. Ba mai jin yarenmu a nan. Wani lokaci ina yi wa inji magana da shi don kada bakina ya manta. Kifi kuma, idan na dawo kada ki kuskura ki dafa mini shi. Faten acca nake so, mai zafi, da yakuwa a ciki.

Ga yadda abin yake. Wakilin kamfani zai biyo ƙaramin jirgin ƙarshen Disamba da takardar kwantiragi. Ko mutum ya sa hannu a kan wasu shekaru biyu a nan take, ko ya ɗauki jakarsa ya bi su zuwa tudu. Ba a jira, don akwai mutane a Legas da ke layin gurbin. Da ina tsoro, saboda makarantar Yemima da maganin Mama duk daga ruwan nan suke fitowa. Amma tunda kin ce cittar kowa ta yi kyau, ai magana ta ƙare. Masu dubawa ba makafi ba ne. Na ji daɗin abin da kika yi wa Damaris. Tun rasuwar mijinta nake kwana da ita da yaranta a zuciyata.

Tambaya ɗaya, kada ki yi mini dariya. Yemima za ta gane ni kuwa? Na rame, gemu kuma ya fara fari.

Mijinki,
Meshak


Kagoro, 17 ga Nuwamba, 2025

Baban Yemima,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Muna lafiya. Mama ta ce acaɓa na masu gaggawar zuwa sama ne, ita da ƙafa za ta je. Yemima za ta gane ka, kullum tana nuna wa ƙawayenta hotonka.

Meshak, ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa.

Mai duba aikin ta zo, sunanta Malama Amatullahi, 'yar Zariya ce. Mace mai kirki, ta shiga gona da takalmin roba, ta sa aka tona, ta auna da kanta. Da farko ta tambaye ni, “Madam, da ba a ba ki tallafin nan ba, da kin yi wannan binciken?” Na ce haba Malama, da wane ƙarfi zan lalata iri buhu bayan buhu? Ta rubuta, ta yi murmushi. Na ce a raina shi ke nan, mijina ya dawo.

Da ta gama zagaya wasu garuruwan ta komo, sai na ga fuskarta ba kamar da ba. Ta zauna a rumfa ta yi mini bayani. Ashe ba gonata kaɗai ake aunawa ba. Ƙuri'ar nan da aka jefa, an yi ta ne don a samu kashi biyu masu kama da juna, waɗanda aka ba da waɗanda ba a ba ba. Ta ce, “Idan naku ya fi nasu, mun san tallafi ne ya kawo bambancin. Idan duk ɗaya ne, za a ce ba tallafi ba ne, ruwan bana ne ya yi kyau.” To duk ɗaya ta samu, Meshak. Na wasunsu ma ya fi nawa.

Ka ga abin da na rubuta maka da murna, shi ne ya kashe mu. Daga wurin Damaris dabarar ta shiga zumuntar mata ta coci, daga can ta kai Kagoma, ta shiga kusan duk kamfanonin da aka ajiye don a gwada mu da su. Na ce mata, “Malama, ranar gayya mutane cike da gona, ta yaya zan ɓoye tukunya a kan wuta? Kuma a ƙasar nan ba a hana mutum iri. Ka ba shi ya shuka, bayan tono ya mayar maka. Kuɗin gwamnati ne aka yi aikin da shi, ba na kowa da kowa ba ne?” Ta ce ita ta yarda da ni, amma ma'auninsu ba a yi shi da gayya a zuciya ba.

Ta ce akwai hanya ɗaya. Idan na faɗi sunan kamfanin da na fara ba, na sa hannu, za ta rubuta cewa binciken ya yi aiki har ya tsallaka shinge. Da wannan za mu iya samun zagaye na biyu. Sai dai su Damaris sun sa hannu tun farko cewa ba za su karɓi komai daga wurinmu ba har a gama awo, a kan alkawarin cewa su ne za a fara dubawa a zagaye na gaba. Wanda ya karya, an cire shi. Ni ban taɓa kawo wannan a raina ba, ita ma na tabbata ba ta ɗauka tsiro daga hannun matar wanta yana cikin lissafi ba.

Malama za ta dawo kafin Kirsimati ta ji amsata. Ban gaya wa Damaris ba, ban gaya wa Mama ba. Idan na ba da suna, ka dawo. Idan na yi shiru, ƙanwarka ta tsira. Ka faɗa mini abin da zan yi, don Allah, ni kaina ya ɗaure.

Afiniki


A cikin jirgi, 1 ga Disamba, 2025

Maman Yemima,

Salama. Ina lafiya, ina fata ku ma haka. Ƙaramin jirgi ya zo yau babu takardarki, sun ce wai ba su biya ta ofis ba. Ban damu ba, na san lokacin tono ne, Madam ba ta da lokacin talaka. Suna jira in miƙa wannan, don haka gajeruwa ce.

Kin san abin da nake yi idan na tashi aiki? Ina zana injin busar da cittarki. Na lura da yadda iska mai zafi ke fita daga ɗakin injinmu, na ga idan aka juya ta ta bi ta ƙarƙashin faranti, ba sai an sayi wanda ake kawowa daga waje ba. Maƙeran Kafanchan za su iya. Ki tambayi masu dubawar nan ko wannan ma bincike ne, ko sai mai ma'aunin zafi.

Na fara raba tarkacena. Na ba Bayaraben nan rediyona. Har kyaftin ya ce ya ga ina waƙa kwanan nan, ko lafiya. Na ce masa gida ke kira.

Ki ce wa Damaris ta ajiye mini zakara ɗaya, ba ruwana da cewa Kirsimati zai wuce kafin in iso.

Naki,
Meshak


Kagoro, 15 ga Disamba, 2025

Baban Yemima,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Kowa lafiya. Mama ta yi mura ta warke.

Na jira amsarka har na fara cewa fushi kake yi, ko kuwa ba ka so ka zaɓa tsakanin matarka da ƙanwarka shi ya sa ka bar ni da kayan. Sai ga takardarka ta zane da zakara, na gane tawa ba ta kai gare ka ba. Na shiga rumfa na yi kuka a cikin tsiro inda ba mai gani.

Na je gidan Damaris da niyyar in faɗa mata komai. Na same ta a kan tabarma ita da yara suna tsaga citta za su shanya. Kafin in buɗe baki ta fara ba ni labarin zagaye na biyu, wai idan aka ba ta za ta mayar da babbar 'yarta makaranta a Kafanchan, za ta gyara rufin da ke yoyo tun mijinta na da rai. Na ɗauki wuƙa na taya su tsaga har rana ta yi sanyi, na dawo gida ban faɗa mata ba.

Malama Amatullahi ta zo jiya. Na ce mata ba zan yi ƙarya ba, na ba da dabarar, amma suna ba zai fito daga bakina ba. Ta ce za ta rubuta abin da idonta ya gani a ƙarshen rahoto, sai dai in sani, a can sama lamba ake karantawa, kuma lambar ta ce babu bambanci. Ta ce kada in sa rai. Da za ta hau mashin sai ta juyo, a hankali, ta ce kawunta yana noman citta a Kauru, ko zan nuna mata zafin ruwan. Na nuna mata.

To ga inda muke. Babu inji, babu albashin makanike. Abin da ke shigowa daga sayar da iri zai ciyar da mu, amma ba zai ɗauki makaranta da magani ba. Na yanke wannan hukunci ni kaɗai, alhali kana da baki a ciki, dawowarka ma tana ciki, ban tambaye ka ba. Idan laifi ne, nawa ne.

Idan wakilin ya zo, ka sa hannu. Za mu iya. Ka kula da kunnen nan, ka nemi auduga ka riƙa toshewa a ɗakin inji.

Afiniki


A cikin jirgi, 27 ga Disamba, 2025

Afiniki,

Salama. Barka da Kirsimati, ko da ya wuce. Ina lafiya.

Ƙaramin jirgi ya riga lokacinsa, ya iso yau da safe da wakilin kamfani a ciki. Ya miƙo mini takardunki biyu tare, ta Nuwamba da ta tsakiyar Disamba. Na karanta su a tsaye, shi kuma yana zaune da biro yana jira.

Maganar Damaris, babu laifi a kanki ko kaɗan. Da kin ba da sunanta, da na dawo gida na kasa ɗaga ido in kalli yaranta. Da an tambaye ni, abin da zan ce ke nan, sai dai da na ɗauki lokaci kafin in iya faɗa. Kin fi ni. Su kuma masu ma'auni, ban san abin da zan ce musu ba. Ƙasa gaba ɗaya ta warke, an ce ba a ga aiki ba.

Abin da ya yi mini zafi daban ne. Na koma kan ta biyun daga sama har ƙasa, na juya bayanta, ina neman inda kika ce in zo. Ko da wasa, ko a gefe. Da na ga rabin kalma, da yanzu jakata tana cikin ƙaramin jirgin nan, mu ci acca ba gishiri. Ban gani ba. Kin ce za ku iya, na kuma san ba ki faɗin abin da ba ki auna ba.

Na sa hannu. Shekaru biyu. Gobe za mu matsa can cikin teku, sun ce ƙaramin jirgi ba zai ƙara zuwa ba sai wajen Fabrairu.

Ga zanen injin nan na naɗe a ciki. Ki kai wa maƙera, ko ba tallafi wata rana a gwada. Wanda ya roƙa ki ba shi, na san ko ban faɗa ba haka za ki yi. Bayaraben ya dawo mini da rediyona.

Ki rungume mini Yemima. Kada ki gaya mata yawan shekarun, ki ce dai aiki bai ƙare ba.

Mijinki har kullum,
Meshak


Kagoro, 26 ga Disamba, 2025

Meshak nawa,

Gaisuwa a gurguje, Hammawa yana waje inji a kunne. Kowa lafiya. Ya yi mini alkawari ba zai tsaya ko'ina ba sai ofishinku, don wannan ta riski ƙaramin jirgin kafin ya tashi ƙarshen wata.

Ka yaga takardar da na aiko ta ƙarshe. Da kai na rubuta ta, na riƙe zuciyata da ƙarfi don kada ta sa baki, saboda na san idan na ce ina kewarka ba za ka iya sa hannun ba. To na fasa.

Jiya a sujadar Kirsimati mazan unguwa suka fito yin waƙa, aka bar gurbinka a layin baya kamar bara, ba wanda ya matsa. Ban ji wa'azin ba sam. Da muka dawo na ture abinci gefe, Damaris ta tsare ni sai na faɗa mata abin da ke damuna. Na faɗa. Wayyo, ka ga faɗa! Ta ce wa ya sa ni, ta ce ita ba ta roƙi a sayar da wanta a saya mata rufi ba. Ta yi kuka, na yi, Mama ta kore mu daga ɗakinta. Rahoto dai ya riga ya tafi, ba abin da zai canza.

Ban da wani sabon labari mai daɗi da zan ba ka. Mutanen Kagoma sun fara zuwa neman iri na baɗi, amma ba zai kai albashin jirgi ba, ko kusa. Wataƙila Yemima ta koma makarantar gwamnati. Wataƙila ka koma gyaran acaɓa a gindin mangwaro. Na auna duka, na ga zan iya ɗaukar wannan. Wasu shekaru biyu ne ba zan iya ba. Ƙarya na yi da na ce za mu iya.

Kada ka sa hannu. Ka ɗauki jakarka ka zo, ko da ita kaɗai ce. Idan ka taka tudu ka ari waya ka kira ni, ni da kaina zan zo tasha a Kafanchan in tare ka.

Bakina bai riƙu ba, na riga na gaya wa Mama da Yemima kana hanya.

Sai ka iso,
Afiniki